Gashin Zinare: Tarihin Adon Da Ke Cin Fatar Kai

Masu dakon ci gaban labarinmu ku yi mini afuwa, wannan makon na jingine Hajiya da kishiyarta a gefe, domin wani abu ya faru a gidanmu watannin baya wanda ya tsaya mini a maƙoshi, kuma na lura alƙalamina ba zai saki jiki ba sai na amayar da shi.

Ɗiyar yayana ce, 'yar shekara 19, yarinya mai cikar gashi irin wanda mai kitso kan ƙara kuɗi idan ta gan shi. Bikin ƙawarta ya taso, sai ƙawayen amarya suka haɗa baki a kan kowacce za ta mayar da gaban gashinta ruwan zinare, yadda in an kafa ɗauri zai ɗan leƙo ta goshi. Ta je wani shagon gyaran gashi, aka kwaɓa wata hoda da wani farin ruwa mai kauri, aka shafa mata, aka naɗe da takardar alminiyom, sannan aka tura kanta cikin na'urar busar da gashi wai don abin ya yi saurin ci. Ba a yi minti goma ba ta ce kanta na zafi. Aka ce ta daure, haka yake yi, alamar yana aiki ke nan, ai sai an sha wuya akan sha daɗi. Yarinya ta daure.

Washegari da sassafe sai ga ta a ƙofar ɗakina, idanu sun kumbura don kuka. Ta zame ɗankwali ta ce, "Gwaggo, dubi kaina." Bororo ne ya tashi ya fashe cikin dare, gashi ya manne da ruwan ciwo, wuri kamar faɗin murfin kwalba ya yi jawur. A asibiti likita ya ce ƙuna ce sosai, ba ta da maraba da ta tafasasshen ruwa, sai dai wannan sinadari ne ya yi ta. Muna cikin adaidaita sahu za mu dawo gida ta kwantar da kanta a kafaɗata ta ce, "Gwaggo, wai wane ne ma ya fara ƙirƙiro wannan masifar?" Na yi shiru. Tambayar ce ta sa na zauna na yi ta bin diddigi kamar yadda nake yi idan zan fara sabon littafi, kuma ashe abin ya girmi kakannin kakanninmu.

Mu fara da Rum, wajen shekara 2000 da suka wuce. Yawancin matan Rum baƙin gashi gare su ko mai duhu, amma da rundunoninsu suka riƙa dawowa daga yaƙin arewa da bayi Jamusawa masu gashi ruwan ɗorawa, sai matan manya suka ƙyasa. Wani marubucinsu mai suna Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ya rubuta cewa mutanen Gaul, wato ƙasar Faransa ta yanzu, suna haɗa kitsen akuya da tokar itace su shafa a kai don gashi ya yi ja. Duk macen da ta taɓa tace ruwan toka, ko ta ga yadda ake dafa sabulun salo, ta san toka ba abar wasa ba ce, tana cin hannu. To ita suke ɗorawa a kai. Har wani mawaƙinsu, Ovid, ya yi waƙa sukutum yana yi wa masoyiyarsa faɗa saboda ta yi ta rina gashinta har ya zube, yanzu dole ta sayi hular gashi da aka yi da sumar matan Jamus da aka kamo a yaƙi. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe gorin "ba na faɗa miki ba?" tsoho ne a bakin maza.

Daga nan sai birnin Fenis na ƙasar Italiya, garin nan da aka gina a kan ruwa. A ƙarni na 16 matan garin sun shahara da wani gashi mai launi tsakanin ja da zinare. Wani mai zane, Cesare Vecellio, ya fitar da littafin suturun al'ummu a 1590, a ciki ya zana yadda suke samun launin. Mace za ta hau wani dandamali na katako a saman soro da tsakar rana, ta sa malafa mai faɗin baki wadda aka yanke tsakiyarta, ta zaro gashinta ta ramin ta baza shi a kan bakin malafar. Sai ta riƙa jiƙa shi da soso tana bari ya bushe, ta sake jiƙawa, awa da awanni. Haɗin da suke amfani da shi yakan ƙunshi irin su ruwan toka da alimun da farar wuta. Dabarar malafar ita ce rana ta ci gashi amma kada ta taɓa fuska, don a wurinsu farar fata ma ado ce. Mai karatu ka ƙiyasta mace 'yar gata ta shanya kanta a saman soro kamar kuɓewa.

Duk waɗannan dabaru ne na a-yi-a-gani. Abin da ya sauya lamarin baki ɗaya ya zo ne a 1818, lokacin da wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Louis Jacques Thénard, ya gano ruwan da ake kira haidurojin faroksaid. Kun san shi, shi ne ruwan nan na kemis da ake zuba wa ciwo ya yi ta kumfa. Kusan shekara 50 bayan haka, a babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1867, wani mai haɗa magunguna daga Landan, Thiellay, da wani mai gyaran gashi na Faris, Hugot, suka nuna wa jama'a cewa wannan ruwa na koɗar da gashi. Suka raɗa masa suna mai daɗi da ke nufin ruwan zinare na maɓuɓɓugar ƙuruciya. Ƙarfinsa a lokacin kashi 3 ne cikin 100. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

A nan ya kamata in tsaya in bambance abu biyu da muke haɗewa mu kira su rini. Rini shi ne a ɗora wa gashi launi, kamar yadda lalle ke yi. Koɗarwa kuwa, wato abin da 'yan zamani ke kira bilicin ɗin gashi, ita ce a kashe launin da gashin ya zo da shi. Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, an jera shi hawa-hawa kamar ciyawar jinka, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin launi da ake kira melanin. Don a kai ga ƙwayoyin nan dole a ɗaga jinkar, shi ya sa ake sa amoniya ko danginta, abin nan mai warin da ke hawa kai, ya kumbura gashin ya buɗe ɓawon. Sai haidurojin ya shige ya farfasa melanin. Matsalar ita ce ba ya tantancewa, yadda yake cin launi haka yake cin igiyoyin da suka ɗaure jikin gashin, shi ya sa gashin da aka koɗar yakan bushe kamar tsintsiya, in ya jiƙe kuma ya riƙa miƙewa kamar cingam.

Ga inda abin ya shafe mu. Baturiyar da gashinta ruwan ƙasa ne, taki biyu ko uku za ta yi ta isa zinare. Namu baƙi wuluk ne, cike da melanin, sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, ya bi ta ruwan ɗorawa kafin ya kusanci abin da ake nema. Tafiyar ta yi nisa, don haka ake ƙara ƙarfin ruwan, ake ƙara lokaci, ake ƙara zafi. Lambobin nan da ke jikin robar farin ruwan, 20 da 30 da 40, ma'anarsu kashi 6, kashi 9 da kashi 12 cikin 100. Wato mai lamba 40 ya ninka na baje kolin Faris sau huɗu, kuma shi ne iyakar abin da dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa a kayan gashi. Kamfanoni da yawa ma suna gargaɗin kada ya taɓa fatar kai. Hodar kuma da ake kwaɓawa da shi, wadda ta shigo daga baya, gishiri ne da ake kira fasalfet, aikinsa ya ƙara wa haidurojin kaifi. In aka naɗe wannan haɗin cikin alminiyom aka kuma hura masa zafi, an haɗa duk abin da ake bukata don dafa fata. Likitocin ƙuna a ƙasashe da dama sun rubuta labarin matan da irin wannan ya ci musu fatar kai har ƙasa, sai da aka yi musu dashen fata, kuma inda saiwar gashi ta mutu ba ya sake tsirowa. Sannan ga rilaksa. Shi ma igiyoyin nan na cikin gashi yake tsinkawa don ya miƙar da shi. Ɗiyar tawa mako biyu ke nan da saka shi kafin ta je a koɗar mata, kun ga an yi wa gashi duka biyu a wuri ɗaya.

Mu koma tarihi. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga baƙin dattin kwal mai kama da kwalta, sai ya ɓuge da samo rini ruwan shunayya. Daga nan masana suka duƙufa a kan dattin kwal, suka fito da rini iri-iri, cikinsu har da wani da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda kafin ƙarshen ƙarni na 19 aka fara rina gashi da shi. A 1907 wani matashi a Faris, Eugène Schueller, ya haɗa nasa rinin yana bin shagunan gyaran gashi yana talla, a 1909 ya yi wa kamfaninsa rajista. Shi ne L'Oréal na yau. Abin da ya ja hankalina shi ne sunan da ya fara ba kamfanin, wanda fassararsa ita ce kamfanin Faransa na rinin gashi marar cutarwa. Ba a rubuta "marar cutarwa" a allon shago sai in mutanen gari sun riga sun ga masu cutarwa.

Amma wadda ta mayar da farin gashi abin yayi a duniya wata 'yar fim ce ta Holiwud, Jean Harlow, haifaffiyar birnin Kansas City a 1911. Attajirin nan Howard Hughes ne ya fito da ita a fim ɗin Hell's Angels a 1930, masu yi masa talla suka ga babu abin da zai sayar da yarinyar kamar gashinta, wanda aka koɗar har ya koma fari yana sheƙi. Suka laƙaba mata sunan wani farin ƙarfe mai tsada, filatinam, har aka sauya wa wani fim nata na 1931 suna ya koma Platinum Blonde. Aka sa gasar dala 10,000 ga duk mai gyaran gashin da ya iya fitar da launi irin nata. 'Yan mata a faɗin Amurka suka dira a kan kwalaben haidurojin, wasu a shago, wasu a banɗakin gidajensu. Ita kuwa Harlow ana ta faɗa wa jama'a cewa haka aka haife ta.

Shekaru da yawa bayan mutuwarta wani mai gyara mata gashi, Alfred Pagano, ya faɗi abin da suke zuba mata a kai duk mako: haidurojin, amoniya, garin sabulun Lux, da Clorox. Clorox ɗin nan fa ba wani abu ba ne illa ruwan cire dattin farin kaya, ɗan'uwan Hypo da Jik da ke bayan ƙofar banɗakinmu. Kuma idan irinsa ya haɗu da amoniya wata iska ce mai guba ke tashi, mai ƙona ido da huhu. (Uwargida, wannan ya shafi wankin banɗaki ma, kada a riƙa gauraya ruwan cire datti da wani abin wanki don wai ya fi fita.) Cikin 'yan shekaru gashin tauraruwar ya fara karyewa yana zubewa, ta koma sa hular gashi, wajen 1935 kuma aka mayar da ita launi mai ɗan duhu. Ta rasu ran 7 ga Yuni, 1937, tana da shekara 26, ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin Saratoga. Nan take jita-jita ta bazu cewa bilicin ne ya kashe ta, har yau ma ana faɗa. Gaskiyar magana ƙodarta ce ta gaza, ana kuma danganta hakan da wani zazzaɓi mai tsanani da ta yi tana budurwa, a zamanin da ba a ƙirƙiro injin wankin ƙoda ba. Ba sai an yi wa abin ƙari ba. Ya ishe shi laifi cewa ya cinye gashin macen da duniya ta sani saboda gashinta.

A shekarun nan babu wata doka a Amurka da ta hana kowa dama abin da ya ga dama ya zuba a kwalba ya ce kayan kwalliya ne. A 1933 wata mata a jihar Ohio tana shirin zuwa walimar da aka shirya don karrama ta, ta biya shago aka rina mata gira da gashin ido da wani abu mai suna Lash Lure, rini ne na dangin dattin kwal. Kafin dare idanu sun fara raɗaɗi, daga baya suka yi gyambo, ta makance. Hausawa suna cewa garin neman gira an rasa ido, to wannan baiwar Allah a kanta karin maganar ya tabbata baƙi da fari. Ba ita kaɗai ba ce, wasu matan ma sun makance, wata ta mutu. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta haɗa hotunanta na kafin da na bayan abin cikin wani baje koli na kayan cuta, har matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta gani. Duk da haka sai da wani maganin ruwa ya kashe mutum sama da 100 a 1937, da yawansu yara, sannan majalisa ta motsa. A 1938 shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta fara sa ido a kan kayan kwalliya. Sai dai masu rinin gashi sun samu ƙofar fita: an bar su su ci gaba da sayar da rinin dattin kwal, muddin sun rubuta gargaɗi a jikin kwali, sun kuma ce mai saye ta fara gwadawa a ɗan wuri a fatarta. Wato an sauke nauyin daga kan mai sayarwa an ɗora wa mai saye. Ɗan rubutun nan da ke cewa a ɗiga a bayan kunne a jira kwana biyu, wanda babu mai karantawa, tsatsonsa ke nan.

Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya shiga kowane gida. Kamfanin Clairol ya fito da haɗin da ke koɗarwa da rinawa a zama ɗaya a 1950, a 1956 kuma ya sa shi a kwali don mace ta yi da kanta. Maza ma ba a bar su a baya ba. Masu kallon ƙwallo za su tuna yadda 'yan wasan Romaniya suka fito kusan gaba ɗayansu da kai ruwan ɗorawa a gasar cin kofin duniya ta 1998, samarinmu na yanzu kuwa Victor Osimhen suka gani.

Maganar sankara fa? Nan ne ake yawan zuzutawa, don haka bari in faɗe ta yadda take. A 1975 wani masani a jami'ar Kalifoniya, Bruce Ames, ya gwada rinin gashi iri 169 a kan ƙwayoyin bakteriya, ya samu 150 daga ciki suna jirkita ƙwayar halittarsu. Hankali ya tashi, kafin 1980 kamfanoni suka cire wasu sinadaran. A 2019 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 46,000, ya nuna masu amfani da rini mai zama sun ɗan fi kamuwa da sankarar mama, da kashi 7 cikin 100 a farare, amma a baƙaƙen fata kashi 45. A 2022 binciken ya sake fitar da wani sakamako a kan sankarar mahaifa: cikin matan da ba sa amfani da kayan miƙar da gashi an ƙiyasta kashi 1.64 za su kamu kafin shekara 70, cikin masu yawan amfani da su kuwa kashi 4.05. A wannan na biyun ba a ga hannun bilicin ko rini ba, kayan miƙarwa aka gani. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ba ta yanke hukunci a kan mai rina gashinta jefi-jefi ba. Wanda ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara, tun 1993, shi ne aikin gyaran gashi da aski kansa, wato mai wuni cikin kayan kullum.

Wannan ya kawo ni ga ranar da na koma shagon. Da faɗa na tafi, na tanadi maganganu tun daga gida. Na tarar da ɗaki ƙarami, taga ɗaya kuma an toshe ta da kwali saboda ƙura, janareta na ruri a bakin ƙofa. Wata yarinya 'yar koyo da ba ta wuce shekara 15 ba tana kwaɓa hodar nan a roba da hannu tsirara, ƙurarta na tashi tana shiga hancinta. Hodar ba a gwangwaninta take ba, a ƙulle take cikin leda, awo ake sayo ta a kasuwa, babu suna, babu lambar NAFDAC, balle takardar bayani. Mai shagon ta fito ta ce, "Hajiya, sannu da zuwa, ya mai jiki? Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba." Kafin ta ƙarasa tari ya sarƙe ta, ta dafa bango, ƙirjinta na kuka kamar an taka mage. Na dubi hannuwanta, duk sun tsattsage sun yi baƙi, farata sun lalace.

Na ce, "Baiwar Allah, tun yaushe kike wannan tarin?" Ta ce ya kai shekara uku, sanyi ne, in ta je ƙauye hutun salla yakan sake ta, da ta dawo aiki sai ya dawo. Jikina ya yi sanyi, domin abin da ta faɗa shi ne ainihin yadda likitoci ke gane asmar da sana'a ke jawowa. Gishirin fasalfet ɗin nan yana sahun gaba cikin abubuwan da ke sa wa masu gyaran gashi asma, da yoyon hanci, da borin jini, da tsagewar hannu, kuma da zarar jiki ya tsane shi ko kaɗan aka shaƙa sai ya tayar. Ɗiyata sau ɗaya ta gamu da shi ta kwana tana kuka. Wannan matar shekara da shekaru tana shaƙarsa safe da yamma, ba safar hannu, ba takunkumi, kuma babu wanda ya taɓa ce mata hodar ce. Faɗan da na ƙullo ya kwance a cikina. Na ce ta je asibitin ƙirji, ta kuma faɗa wa likita irin aikin da take yi, ta cire kwalin nan daga taga, ta saya wa yarinyar safar hannu. Ban ce na yafe ba, don sakaci ta yi, yarinya ta ce zafi ta ƙi wankewa. Amma ita ma wani ya sayar mata da leda bai gaya mata abin da ke ciki ba.

Saura ƙiris a sake wata ɓarnar. Bayan biki sauran ƙawayen amarya suka ga iyaye sun ɗaure fuska, sai suka ce za su mayar da gashin baƙi da dayis. PPD ɗin nan na dattin kwal shi ne ƙashin bayan yawancin baƙin rini, shi ake zubawa a lalle ya yi baƙi ƙirin cikin 'yan mintuna. A Sudan, inda muka aro salon ƙunshin amare da yawa, likitocin Kartum tun shekarun 1980 suke rubutu a kan mata da yaran da ya yi wa illa, musamman waɗanda suka haɗiye shi: wuya da harshe su kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya koma kamar shayi, ƙoda ta tsaya. A fata kuwa borin jini yake sawa, wanda in ya kama mutum sau ɗaya ya zauna ke nan, har ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin abin da ya fi jan hankalinta a 2006. Yanzu a ɗora wannan a kan fatar da bilicin ya riga ya sassaɓe. Na kira uwar ɗaya daga cikinsu na ce, "Maman yara, don girman Allah ku bar gashin nan ya fita da kansa, ko a datse shi."

Akwai wani abu da ban so faɗa ba amma dole. Da nake karanta yadda masu tallan Howard Hughes suka sayar wa 'yan matan Amurka gashin da ita mai shi ma ba nata ba ne, sai na jawo littattafaina na farko na buɗe. Kowace jaruma tawa fara ce sol, doguwa, mai gashi har gadon baya kamar Balarabiya ko Ba'indiya, yana sheƙi yana zuba kamar ruwa. Baƙa mai gajeren gashi kuwa ita ce muguwar kishiya, ko 'yar aiki. Ban ƙirga sau nawa na rubuta hakan ba, kuma ba ni kaɗai ba ce, kusan duk sa'o'ina marubuta haka muka taso muna yi, don shi ke tafiya a kasuwa. Ɗiyar tawa a ɗakina ta koyi karatun Hausa, a kan waɗannan littattafan.

Yau wata shida ke nan. Ciwon ya warke, gefe-gefen ya tsiro, amma tsakiyar wurin, kamar faɗin kwabo, ya zama tabo mai santsi, likita ya ce kada mu sa rai. Mai kitsonta ta gano dabarar karkatar da tsaga ta kwanto da gashin gefe a kai, in ba an faɗa maka ba ba za ka lura ba. Rannan na wuce ta gaban shagon nan, na ga an cire kwalin taga, 'yar koyon kuma da safar roba a hannu ɗaya, ɗayar ta yage ba a sake saye ba. Mai shagon ta hango ni ta ɗago wani ɗan shuɗin abin shaƙa na masu asma ta nuna mini daga nesa, sannan ta juya ga wata budurwa da ke zaune a kujera da takardun alminiyom a kanta.